Auta da Fitilun Motar Kawu

Auta yarinya ce mai taurin kai. In ka ce gabas, ita yamma za ta ce. Shekarunta goma sha biyu, amma bakinta ya fi na babba kaifi.

Babanta mai gyaran wayoyin mota ne. Garejinsa yana bayan gidansu. Tun da aka ba da hutu, kullum Auta tana can tana miƙa masa filaya da sifana. Yayanta, wanda ya daɗe yana koyon aikin, bai ji daɗin haka ba.

"Wannan ba aikin mata ba ne," in ji Yaya.

"A ina aka rubuta? Nuna min in karanta," in ji Auta.

Baba ya yi dariya. "Auta, ga sharaɗina. In kika nuna min kina jin magana, ko an koma makaranta za ki riƙa zuwa duk Asabar. In ba ki ji ba, zaman gida ya kama ki."

Duk duniya babu abin da Auta take so kamar waɗannan Asabar ɗin.

Wata safiya Kawu, ƙanen Mamansu, ya kawo motarsa. Ya sayo fitilu biyu masu launin rawaya, yana so a ƙara masa su.

"Hanyar bakin kogi nake bi da sassafe," in ji shi. "In aka yi ruwa, hazo yakan rufe ta, ko hannuna ba na gani. Gobe ma zan bi. Da la'asar zan dawo in ɗauka."

Da Kawu ya tafi, Baba ya cire kan batir. Ya ɗaura fitilun a ƙarƙashin bamba, ƙarfen gaban motar. Saura a ja waya zuwa makunni, kusa da sitiyari. Dole wayar ta bi ta wani ɗan rami a jikin ƙarfe. Hannun Baba bai kai wurin ba, na Yaya ma ya maƙale. Na Auta ne ya shige. Ta fizgo wayar da ƙarfi, tana kallon Yaya tana murguɗa baki.

Baba ya ɗauko wani ɗan abu ƙarami mai ƙafa biyu. Ya sa shi a kan wayar, kusa da batir.

"Wannan shi ne fis," in ji shi. "Shi ne mai gadi. In wuta ta yi yawa, shi zai ƙone don waya ta tsira."

Ana cikin haka aka kira Baba. Motar wani ta mutu a tsakiyar titi. Ya ɗauki jakar aikinsa.

"Kada wanda ya mayar da batir sai na dawo na bi wayar na duba. Kun ji?"

"Mun ji, Baba."

Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba, Yaya ya fara.

"Wayar da ke kika ja? Wallahi ba za ta kama ba."

"Za ta kama!"

"Ba za ta kama ba."

Ran Auta ya ɓaci. Ta ɗauki sifana, ta mayar da kan batir. Ta danna makunni. Fat! Fis ya ƙone, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Yaya ya riƙe ciki yana dariya. Auta ta sa wani fis. Fat! Shi ma ya tafi.

"Ki bari Baba ya dawo," in ji Yaya. Yanzu ya daina dariya.

"Ba zan bari ba! Fis ɗin ne ragwaye."

Ta tsinci guntun waya a ƙasa. Ta feƙe shi, ta murɗa, ta cusa a gurbin fis. Ta sake danna makunni. Fitilu suka haska bango, rawaya shar.

"Ka gani? Ka gani? Wa ya ce ba za ta kama ba?" Har da tsalle.

Murnar ba ta yi minti ɗaya ba. Wani wari ya taso, irin na roba in ta sha wuta. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Auta ta daskare a tsaye. Yaya ne ya yi wuf ya fizge kan batir. Wayar ta narke tun daga farko har ƙarshe. Ta kuma lasa wayar hon da ta manyan fitilu, duk sun yi baƙi.

Da Baba ya dawo, hancinsa ne ya fara ba shi labari. Ya leƙa, ya zaro guntun wayar da aka murɗa.

"Aikin wa ne wannan?"

"Fis ɗin ne ba su da kyau, Baba," in ji Auta. "Sau biyu suna ƙonewa."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Yaya ne yake ta tsokanata!"

"Shi ya riƙe hannunki?"

Auta ta kalli guntun wayar da ke hannun Baba. Idonta ya cika da ƙwalla, amma ta ƙi bari ta zubo.

"Ajiye sifanar nan ki wuce gida," in ji Baba.

Ta ajiye. Amma ba ta wuce ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta harɗe hannu.

"Ban ce ki tafi ba?"

"Ni na ɓata, Baba. Ba zan tafi in bar muku ba. Ko duka za ka yi, ka yi, amma sai na ga abin da ya sa."

Baba ya nuna mata motar. Sannan ya ce, "Batir a cire yake. Bi wayar da yatsanki."

Auta ta bi ta a hankali. Da ta zo ramin ƙarfen nan, ta tsaya. Bakin ramin yana da kaifi. Lokacin da ta fizgo wayar, ƙarfen ya yanke rigarta ta roba. Wuta tana taɓa jikin mota kai tsaye.

Kunya ta kama ta sosai. "Ashe fis ɗin lafiyarsu ƙalau. Faɗa min suke yi akwai matsala."

"Sau biyu suka faɗa miki," in ji Baba. "Ke kuma kika toshe musu baki. Da Yayanki bai yi sauri ba, da motar nan ta zama toka, ku ma kuna kusa."

Da la'asar Kawu ya zo. Baba ya kalli Auta. Ta matso gaban Kawu.

"Kawu, ba a gama aikin motarka ba. Ni na ƙona wayoyin, don na ƙi jin maganar Baba. Ka yi haƙuri."

Kawu ya leƙa ciki, ya girgiza kai. "Kin ba ni haushi, Auta. Amma tunda kin faɗa da bakinki, na haƙura. Zan jira."

Su uku suka duƙufa. Suka canza wayoyin da suka ƙone. Baba ya sa zoben roba a bakin ramin. Auta ta sake zura sabuwar waya, wannan karon a hankali. Baba ya duba komai, sannan aka sa sabon fis, aka mayar da batir. Fitilu suka kama, hon ya yi ƙara, babu wari babu hayaƙi. Kafin rana ta faɗi Kawu ya ja motarsa yana ɗaga musu hannu.

"Baba, maganar Asabar fa?" Auta ta tambaya.

"Asabar biyu za ki yi a gida, saboda kin ƙi jin magana. Ta uku ki zo da wuri, saboda kin tsaya kin gyara ɓarnarki."

Auta ta buga tsalle. Ta juya wajen Yaya. "Na gode da ka cire batir. Amma ka sani, ni da aikin nan mutu ka raba. Gardama da kai kuma ban daina ba. Da fis ne kawai na daina."

Yaya ya yi dariya, ya miƙa mata tsumma ta goge hannu.

Ranar Auta ta koyi darasi. In aka gargaɗe ka, ka tsaya ka nemi dalili, kada ka yi gardama. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya, ka tsaya ka gyara.