Kofin Malam Abdulganiyu

Ranar da Zenabu ta fara ganin Jalilu a Kasuwar Malam Atta, tsaye yake gaban rumfar babanta ya saki baki.

"Magani kake so ko kallo?" ta ce.

"Duk wanda kika ba ni."

Ta ja tsaki. Washegari ya dawo.

Babanta, Malam Abdulganiyu, mai maganin gargajiya ne a unguwar Nima. Yana da wani baƙin tsimi da yake cewa yana wanke jini, duk wanda ya zo zance sai ya miƙa masa kofi. Su biyu ke zuwa, Jalilu tela da Musah direban trotro, motar haya. Musah yakan karɓa hannu bibbiyu, Malam na juya baya ya tuttular a kwata. Jalilu kuwa shanyewa yake tas. Wai kunyar suruki.

"Kai wawa ne," ta ce masa. "Zubar mana."

"Abin hannun Baba? Haba, Zenabuna."

Kafin damina ta fita idonsa ya koma ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi. A asibiti likita ya ce hanta tana da nata masu gadi, ƙananan ƙwayoyi masu tare dattin jini. In guba ta yi musu yawa sai su harzuƙa, su yi ta fesa abin da ke ƙona hantar kanta.

"Me kake sha?"

Jalilu ya juya fuska bango. Ko a bakin kabari ba zai ambaci suruki ba. Zenabu ce ta faɗa.

A gida Malam ya taɓe baki. "Ba na ba 'yata mai ciwon shawara. Ciwon gidansu ne. Ga Musah nan, kullum sha yake, garau."

Musah na zaune yana murmushi yana kaɗa makulli. Zenabu ta cika kofi ta dangwara masa.

"Bismilla. Yau Baba ba zai juya baya ba."

Musah ya kalli kofin. Shi ma ya ga idon Jalilu. Ya ce fasinja na jiransa a Maamobi, ya fice.

Ta nuna wa babanta bakin kwata, inda siminti ya rine baƙi ƙirin. "Ga wanda yake shan na Musah. Mai shan naka yana gadon asibiti, ya ƙi faɗin sunanka."

Malam ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya sunkuci tulun tsimin, ya juye shi a kwatar.

Da idon Jalilu ya washe aka ɗaura aure. Da suka je gaisuwa Malam ya miƙo kofi, Jalilu ya miƙa hannu bibbiyu. Zenabu ta fizge ta shinshina. Ruwa ne.

"Sha, wawana."

"Allah ya yi muku albarka," in ji Malam, idonsa a ƙasa.

Jalilu ya shanye tas.