Saura Mataki Biyu

Ƙarfe huɗu da rabi Kaneng ta sauka daga bas a Stockport Road da ke Manchester, amma a Disamba wannan lokacin magariba ce. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Da can awa guda take yi wa kowa. Tun da ƙaramar hukuma ta tsuke bakin aljihu aka mayar da shi minti goma sha biyar, ko shayi bai gama hucewa ba.

Clara ce ta ƙarshe ranar, tsohuwa 'yar shekara tamanin da bakwai, ga tsiwa kamar ta sayar. A wannan gidan na Levenshulme aka haife ta. Tana da shekara bakwai mahaifinta Bartholomew ya tafi hawan wani dogon dutse a Himalaya, zamanin da ake hawa da rigar ulu da takalmi mai ƙusoshi. Abokan tafiyarsa sun hango shi dab da ƙololuwa, gajimare ya rufe shi, shi ke nan. Ba gawa, ba kabari. Clara ta ƙi tashi daga gidan har tsufa, don nan kaɗai mahaifin ya sani.

To, gobe za a kai ta gidan tsofaffi a Birmingham, kusa da wani danginta, ko tana so ko ba ta so.

Kaneng ta same ta a ɗakin sama, zaune a bakin gado, ta ci ado.

"Kada ki rufe ƙofar ɗakin nan," in ji Clara a hankali. "Yau kaɗai ta rage masa."

Kaneng ta yi murmushin tausayi, ta shiga naɗe mata kaya. Sai ta ji warin kananzir da na jiƙaƙƙen ulu, gidan kuwa ko risho babu. Sanyi ya shigo, ba mai laimar nan na Manchester ba, busasshe mai yanka hanci. Ta ja numfashi, iskar ta ƙi isar ta.

A ƙasa matakala ta yi ƙara. Ƙarfe a kan katako.

Taku ɗaya. Sai haki, har sau biyar. Sai wani takun.

Ita da hannunta ta kulle ƙofar waje.

"Baba," in ji Clara, da muryar da ba ta tsohuwa ba.

Kaneng a coci ta girma tun a Bukuru, kuma abu ɗaya aka koya mata game da mataccen da ke yawo. Ta yi wuf ta danna ƙofa. Kafin ta rufu ta gan shi: matashi, bai kai ƙaninta ba, ƙanƙara a gemu, leɓe a tsage, ya miƙo baƙaƙen yatsu.

Aka turo ƙofar. Tafin hannunta ya manne da mariƙin don sanyi. Ta sa kafaɗa, ta zura sakata, tana kiran sunan Yesu, tana cewa ya koma inda ya fito.

Shiru.

Sai takun ya juya. Ƙasa, ƙasa, a hankali.

"Na kore shi, Mama," ta ce. "Kin tsira."

Clara ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

"Shekara tamanin yana hawowa," ta ce. "Saura mataki nawa?"

Kaneng ta so ta yi mata ƙarya, ta kasa.

"Biyu."

Washegari aka tafi da Clara. Sau biyu Kaneng ta je Birmingham da hannu a naɗe da bandeji, sau biyu tsohuwar ta juya fuskarta bango. Kafin Ista ta rasu. Abin ya ci Kaneng ƙwarai, har yau bai sake ta ba.

Ranar jana'iza, da ta dawo da yamma, ta biya ta gidan, wanda har lokacin ba a sa kowa a ciki ba. Ta durƙusa ta ɗaga murfin ramin jefa wasiƙa da ke jikin ƙofa, da niyyar ta ba mahaifin Clara haƙuri, ta gaya masa ya huta, babu kowa a sama. Ta leƙa.

Yana mataki na uku daga ƙasa, yana haki, yana shirin ɗaga ƙafa.