Ramin Mabiyiya a Tudun Tsaf

Narkau, babban injin masana'antar garin, ba ya hutawa. Ta baki ɗaya yana haɗiye leda da tsofaffin robobi, ta ɗayan yana zuƙar garin dutsen da masu fasa duwatsu suka zubar, can ƙasa kuma haɗinsu da ake kira ledutse na fitowa da zafinsa, baƙi wuluk, yana daskarewa. Daga tagar ɗakinta Barira take kallon hayaƙinsa, jaririn da ta haifa ɗazu yana kwance a cinyarta. Ba ta jin daɗi, ba ta jin ciwo.

Ita ce mai lura da zafin injin kafin cikinta ya tsufa. Da ledutse aka shafe Tudun Tsaf kakaf: tituna, kasuwa, tsakar gidaje. Ruwa ba ya ratsa shi, gara ba ta cinsa. Idan ya tsage, sai 'yan liƙi, wasu ƙananan injuna masu tafiyar ƙaguwa, su sansano wurin su cike. Kwata ta ƙare, sauro ya ƙaura, Barira kuma ta sha yin alfahari da hakan.

Goggo Tasalla, ƙanwar babanta da ta zo daga ƙauye don jego, ta shigo riƙe da ƙwarya a rufe da farin ƙyalle.

"Ke 'yar nan, ina ƙasarku?"

"Wace ƙasa, Goggo?"

"Ta binne mabiyiya mana. Na zagaye gidan nan, ko inda kaza za ta yi tono ban gani ba."

"Asibiti na karɓa. Suna da injin ƙonawa."

"A ƙona abokiyar tafiyar maigidana?" Goggo ta dubi jaririn. "Ka ji uwarka ko? Yaron da ba a binne masa mabiyiya a gida ba, ai ba shi da inda zai dawo."

Barira ba ta yarda da wannan magana sosai ba. Amma ta dubi tafin ƙafar ɗanta, sai ta kira mijinta.

Sallau ya fara da diga. Bakin digar ya lanƙwashe, daɓen ko ƙwarzane bai yi ba.

"Kai da ƙarfin naka ke nan?" in ji Goggo. "Da a garinmu ne, ko akuya ba za a ba ka ba, balle mace."

Ya yi murmushin dole, ya je ya aro injin huji a maƙwabta. Barira ta lallaɓa ta zauna a bakin ƙofa tana nuna masa inda zubin ya fi sirantaka, tunda ta san aikinta. Ana cikin haka daɓen ya ɓurme.

Goggo ta durƙusa ta zura hannu. Abin da ta zaro leda ce ta ruwan sha, rubutunta bai ko goge ba. Ta sake zurawa har gwiwar hannu: ledar burodi, murfin kwalba, silifas ɗin yaro. Ta zura har kafaɗa. Leda ce dai.

Sai a lokacin Barira ta tuna abin da aka koya musu a wurin aiki. A kan tsohuwar bola aka kafa garin. Sharar da Narkau bai kai ga ci ba, danne ta aka yi aka rufe.

Daga bakin zaure aka fara jin ƙas-ƙas. 'Yan liƙi ne biyu, sun ji an sami tsaga.

"Goggo, ki sa," in ji Barira. "Ba sa jira."

Tsohuwar ta yi bismilla, ta ajiye ƙunshin a tsakiyar ledojin, ta janye hannu. Injunan suka tsaya a bakin ramin, suka tsiyaya baƙin ruwa mai tururi, suka goge. Sallau ya shafa wurin da ƙafa, ya kasa gane inda ya haƙa.

Goggo ta daɗe a durƙushe.

"To, ƙasa za ta ci kuwa?"

Barira ta san amsar. Ita take rubuta wa baƙi a allon masana'anta cewa abin da ledutse ya rufe, iska ba ta shiga, ba ya ruɓewa, ko bayan shekara dubu.

"Ba za ta ci ba, Goggo. Ajiyewa kawai muka yi."

Jaririn ya motsa. Ta gyara masa zani, ta rufe ƙafafunsa da kyau, kada su taɓa daɓen.