Randar da Labaran Ya Ɗaura wa Sifika

Wata Laraba da yamma, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Labaran direba ya tsayar da bas ɗinsa a ƙofar gida a Yako, kiɗa na tashi har kaji suna gudu. Mutum ne mai son a ji shi kafin a gan shi. Tun da ya sayo amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da wata ƙatuwar sifika a Kano, tsofaffin da yake kaiwa Tudun Wada suke sauka suna tsaki, shi kuwa yana washe baki. Abin haushi, duk da haka bai ƙoshi ba. Wani ya gaya masa in aka kifa sifika a bakin randa, ƙarar kan yi nauyi har a ji ta a ƙirji.

A bayan makewayin gidan akwai wata tsohuwar randa a kife, ta yi gansakuka, ruwan wanka na bi ta gefenta. Tun zamanin mahaifiyarsa ba mai taɓa ta. Ita Labaran ya nufa.

"Baban Barakatu, magariba ta yi, ka bari sai da safe," in ji matarsa Furera.

Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga randar ba bisimilla, kyankyasai suka watse, wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ɗauraye ta sama-sama, ya ɗaure sifikar a bakinta da roba, ya ajiye ta bayan kujerar ƙarshe.

Kwana uku abin ya yi masa yadda yake so. Ran na huɗu wani gurnani ya shiga ƙarƙashin kiɗan, fis ɗin wutar rediyon kuma ya ƙone. Ya naɗa takardar taba mai ƙyalli a madadinsa, ita ma ta ƙone. Ya kai motar Kiru wajen Mainasara mai gyaran wayarin. Mainasara ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kankare tsatsa a inda wayar ƙasa ta kama jikin mota, ya raba wayar wuta da ta rediyo. Gurnanin yana nan. Da ya kwance murfin amfilifayar, sai fararen tsutsotsi suka zubo masa a cinya. Ya yi tsalle yana kakarin amai, ya je ya cire kan batir, ya tsaya yana saurare.

"Labaran, batir a cire yake," ya ce a hankali. "To me yake ba ta wuta? Wannan ba aikina ba ne."

A gida kuwa, da zarar an kira magariba sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Tuwo ya riƙa tsami tun yana tukunya. Sai abin ya faɗa kan Barakatu, 'yarsu tilo, mai shekara tara. Ta daina magana, ta daina juyowa in an kira ta. Takan zauna a gindin bango, wani baƙin ruwa mai wari na bin kunnuwanta, gurnanin nan na mota yana fita daga ƙirjinta. Furera tana gogewa tana kuka, tana kau da fuska.

Bayan la'asar ɗin Juma'a aka ɗauko Malam Hamidu daga Ɗansoshiya, tsoho mai yi wa masu aljanu karatu. Ya sa aka shigo da randar tsakar gida. Ya daɗe yana karatu, inuwa na tsawo, gidan ya yi tsit. Can yarinyar ta ɗaga kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi wancan ƙazamin. Shekara arba'in ina cikin randar nan, ina haƙuri da ruwan wankansu da fitsarinsu, ban taɓa kowa ba. Uwarsa har sallama take mini. Shi ya ɗauke ni da jaririna, ya toshe mana ƙofa da baƙin faifai mai ihu, ya yi ta yawo da mu har Riruwai. Ɗana ya kurumce, Malam. Ina kiransa ba ya juyowa."

Malam ya dubi Labaran, kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Sannan ya ce za a mayar da randar inda take, a kife, da bisimilla.

"A mayar. Amma da kunnen 'yarsa zan tafi."

"Ba ki da haƙƙi a kanta. Ki ji tsoron Allah ki fita."

Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta sandare, ruwan kunnenta ya koma ja. Labaran ya durƙusa.

"Ki ɗauki nawa! Ni na yi, ki bar ta!"

"Rufe bakinka, ba a ciniki da su!" Malam ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita.

"Na karɓa," in ji muryar.

Barakatu ta yi atishawa sau uku ta zube. Warin ya ɗauke, gurnanin ya tsaya. Labaran ya ji daɗin shirun, har ya fara hamdala. Sai ya ga Furera tana tafa hannu, ya ga bakin Malam na motsi, ya ga zakara a kan danga ya miƙe wuya, amma ko ɗaya bai ji ba.

Barakatu ta tashi, ta rarrafo ta riƙe rigarsa. Ya zuba wa leɓɓanta ido. Sau biyu suka haɗu suka rabu, ya gane Baba take cewa.