Gita a Gonar Malam Abdurrahamane

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe suka fara haɗuwa, kuma wallahi ba da daɗi ba. Zara'u tana zaune a rumfarta ta sharjin waya, ga fanon sola a kan rufi yana shan rana, sai ga wani dogon saurayi da gita a baya ya ajiye mata wani ɗan akwati da bai fi kwalin sukari ba.

"Wannan kuma mene ne? Rediyon kakarka?"

"Amfili ne. Shi ke ɗaga muryar gitata wurin biki."

Ta kwashe da dariya. "Wannan ɗan mitsitsin? Sauro ya fi shi murya."

Ɗalhatu, sunansa ke nan, ya haɗe rai. "Sharji na kawo, ban kawo neman shawara ba."

Haka suka yi ta yi duk mako, ya kawo amfili, ta yi masa gori, ya rama. Ku kuma kun san zuciya. Kafin damina ta faɗi, gorin ya koma hira, har ta sa masa suna Sauro a wayarta.

Da manyansa suka je neman izini, mahaifinta Malam Abdurrahamane ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba.

"Ɗiyata ba ta auren maroƙi. Mai rataya akwati a ƙugu yana bin bukukuwa! Ga Lamine nan, mutumin kirki."

Lamine ɗan Mayahi ne, mai ba da hayar manyan akwatunan sauti da gurup, injin ba da wuta. Duk bikin da ya tarar da Ɗalhatu sai ya murɗa nasa sautin har gitar ta ɓace. Ya taɓa ce masa a gaban jama'a, "Kai da abin wasan yaran nan za ka ja da ni?"

Zara'u ta daina cin abinci. Uwarta ta matsa, sai tsohon ya yanke magana cikin fushi: gonarsa ta gero ta ci ciyawa, za a raba ta biyu ranar Asabar, kowa ya kawo gayyarsa. Wanda ya riga gamawa shi ke da yarinya. Ya san Lamine zai tara mutum talatin, Ɗalhatu kuwa abokansa bakwai ne.

Da ta ji, ta rubuta masa: "Sauro, na cika maka batir har baki. Baba sarkin noma ne da ƙuruciya, taken da ake yi masa Inna ta rera mini, ga shi na turo da murya. In ka bari Lamine ya ɗauke ni, kada ka ƙara bin ƙofar rumfata."

Ya amsa: "Hasken idona, ko batir ya mutu da baki zan rera."

Asabar da hantsi Zara'u ta kawo fura ta tsaya gindin gawo. Lamine ya sauke akwatunansa daga amalanke a bakin gona, gurup ya ɗauki ruri, kiɗa ya tashi kamar aradu. Mutanensa suka kama aiki da ihu. To amma fa gona doguwa ce. Suna yin nisa iska ta kwashe sautin, wayar wutar akwatunan kuma ba ta kai a bi su ba. Lamine ya yi ta zagin masu amalanke, akwatuna sun ƙi tafiya cikin yashi.

Shi kuwa Ɗalhatu ya ɗaure amfilinsa a ƙugu, ya bi bayan masu hauya taki da taki, yana kiɗan noma, yana kiran kowa da sunan ubansa. Inda suka juya nan ya juya. Mutanen Lamine suka fara waiwaye. Ɗaya ya tsallaka iyaka, biyu suka bi shi, can sai ga goma.

"Ku dawo, 'yan banza! Ni na kawo ku!"

"Ka kawo mana kiɗan nan tukuna!" in ji wani, bai ko ɗago ba.

Sai Ɗalhatu ya sauya, ya saki taken nan. Zara'u ta ga ubanta ya daskare. Shekara ashirin rabonsa da jin sa, tun rasuwar mai gangarsa. Ya tsuke baki, ya kau da kai, amma ƙafarsa tana motsi. Can ya fizge hauya daga hannun wani ya shiga kunyar gero, gita na biye da shi.

Kafin la'asar ɓangaren Ɗalhatu ya yi fes. Lamine ya kwashe kayansa ko sallama babu.

Tsohon ya share gumi, ya harari ɗan akwatin. "Har yanzu ba ni son maroƙa. Amma wanga makaɗin noma ne. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "Sauro, ashe kana cizo."

"Ke kika cika batir ɗin," in ji shi.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika rumbunsu da gero, ɗakinsu da 'ya'ya. Amin.