Sirrin Bakin Mama

Auta ta faɗo falo kamar an jefo ta, ta yi wurgi da jaka a kan kujera, ta fashe da kuka. Umma, wadda ke ninke kayan wanki, ta saki zanen da ke hannunta.

"Ke, lafiya? Ba gidan su Dogo kika je gaida mahaifiyarsa ba?"

"Na je, Umma. Ta ce ba ta so na!"

Yayarta, wadda duk gidan ke kira Anti, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wa? Firinsifal ɗin makarantar 'yan matan nan? Me kika yi mata? Ko takalmi kika shigar mata falo?"

"Ban yi komai ba. Ta fito da fara'arta, tana ganina ta rufe baki da mayafi. Ta ce wai ɗanta ba zai auri mai leƙa bakin mutane ba."

"Kin ji ko!" Anti ta buga ludayi a jikin ƙofa. "Sai da na ce ki ce masu a asibiti kike aiki, ki yi shiru. Dole sai kin ce haƙori?"

Abin da ke cin Auta kuwa ba zai faɗu ba.

Tun tana firamare burinta ta zama likita. Da ta gama sakandare makinta ya gaza da kaɗan, aka ba ta admishin a kwas ɗin haɗa haƙoran roba. Shekarar farko da kuka ta yi ta. Ƙawayenta suna zagawa asibiti da abin awon ƙirji a wuya, ita tana lab, wato ɗakin gwaji, tana kwaɓa garin siminti fari kamar birkila. Haƙoran farko da ta haɗa kuwa, lakcara ya ɗaga su sama ya tambayi aji ko akwai mai jaki a gida. A shekarar ƙarshe aka haɗa ta da wani tsohon maigadi da ya daɗe bai tauna komai ba. Ranar da ta saka masa nata aikin, ya dubi madubi ya yi ta dariya har da hawaye, ya ƙi rufe baki har ya fita get. Daga ranar ta daina jin kunyar sana'arta. Da ta kammala ta yi zaman jira, ta yi aikin buga takardu a wani shago, kafin wani asibitin haƙori ya ɗauke ta.

A asibitin ne, a shekarar da ta wuce, wata mata ta zo da takunkumi da baƙin gilashi, ta ƙofar baya. Haƙoranta na sama duk sun tafi. Likita ya duba, Auta ta auna ta haɗa, aiki ya yi kyau har matar ta rungume ta. Sannan ta kama hannunta ta ce, "'Yata, ko mijina bai sani ba. Ki riƙe min amana."

Wannan matar ce yau ta fito a matsayin mahaifiyar Dogo. Auta ta gane ta tun kafin ta yi magana. Wa zai manta murmushin da ya ƙera da hannunsa?

Da yamma sai ga Dogo, malamin lissafi, mutum mai son kowane abu ya fito da amsa. Ya zauna a bencin ƙofar gida ya haɗa rai.

"Auta, na kasa gane wannan lissafin. Jiya Mama tana ɗokin ganinki. Yau ta ce ke ba likita ba, ke ba nas ba. Da na matsa sai ta ce kin cika gajarta. Da Baba ya ce ai ita ma ba doguwa ba ce, sai ta ce idonki ya cika kallo. Faɗa min gaskiya, kun san juna a wani wuri?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ƙarya ba halinta ba ce, gaskiyar kuma ba tata ba ce.

"Filis, kar ka tambaye ni wannan."

"Au! Ashe akwai wani abu?"

"Ba zan iya cewa komai ba."

"Ni kike ɓoye wa? Ni?" Ya miƙe tsaye har kansa ya bugi rumfa. "To shi ke nan. In kin shirya magana kin san lambata."

Ya tafi yana shafa kai, ita kuma ta koma ɗaki ta ɗora kukanta daga inda ta tsaya.

Makonni suka shige, babu kira, babu saƙo. Anti ta sa ta gaba da bincike kamar 'yar sanda.

"Ta taɓa korar ki daga makaranta? Kin buge ta da mashin? Ke, siriyas, in kin san wani sirrinta ki ba ni, gobe-gobe ta zo da kanta tana roƙo!"

"Anti, in na fara buɗe bakin mutane a waje, wa zai sake buɗe min shi a asibiti?"

Anti ta ƙura mata ido, ta buɗe baki za ta yi magana. Umma ta daka mata tsawa. "Ƙyale ta! Yarinya ta ce ba za ta faɗa ba. Ke da za ki iya riƙe magana haka, da tuni mun huta."

Wata safiya Auta na cikin lab tana goge wani aiki, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya a hankali. Tana buɗewa ta ga takunkumi da baƙin gilashi. Mama ta shigo da sauri, ta tura ƙofa, ta kwance bakin hankici. Haƙoran ne, sun rabe biyu.

"Shun faɗi a banɗaki," ta ce, kalmomin na zamewa. "Yau ake walimar ritayata. Ni zhan yi jawabi gaban ɗalibai da malamai. Likita ba ya nan?"

"Ya yi tafiya, Mama. Ni kaɗai ce."

Mama ta zube a kan kujera. Macen da tsawarta ɗaya ke sa 'yan mata ɗari su nutsu, ga ta nan ta kasa ɗaga ido.

Auta ta karɓi hankicin da hannu biyu. "Kar ki damu, zai gyaru. Bari in kawo miki shayi, mara zafi."

Ta haɗa ɓarin biyu, ta zuba magani, ta jira ya kama, ta goge, ta wanke. Ba ta ambaci Dogo ba, ba ta yi habaici ba. Mama na zaune tana kallon hannayenta. Da aka gama ta saka, ta motsa baki, ta gwada: "Sannu. Sannunku. Malamai da ɗalibai." Harafi ya dawo daidai.

Sai ta juyo. "Kin gaya wa ɗana?"

"A'a, Mama."

"Yayarki fa? Ummanki?"

"Babu wanda na gaya wa."

"Ko da na raba ki da shi?"

Hawaye suka cika idon Auta. "Amana kika ba ni, ba ki ce sai in kina so na ba."

Mama ta cire gilashin. "Shekara talatin ina yi wa 'yan mata wa'azin riƙon amana a wajen taron safe. Ashe wadda ta iya darasin ba ma a makarantata ta yi ba. Ki yafe ni, 'yata. Tsoro ne. Na ga in kika shigo gidana, kullum in na yi dariya kina duba aikinki."

"Wallahi Mama, ko yanzu dubawa nake. Na hagu yana so a ɗan rage shi."

Mama ta kwashe da dariya har tana riƙe haɓa.

Bayan walima ta sa aka kira Auta gida. Ta tara Baba da Dogo a falo, ta miƙe tsaye kamar mai sanar da sakamakon jarrabawa.

"Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maku. Ku yi haƙuri, ku daure." Ta ja numfashi. "Haƙoran nan nawa... ba nawa ba ne. Yarinyar nan ce ta haɗa su."

Baba ya sauke jarida. "To, sai me kuma?"

"Ban gane sai me ba!"

"Ke, baiwar Allah, kofin da kike ɓoyewa bayan madubi fa? Sau ɗaya saura kaɗan in sha magani da shi."

Mama ta juya ga ɗanta. Dogo ya sosa ƙeya. "Mama, mutum ya tafi hutu da giɓi ya dawo da haƙora kamar na talla? Har direba ya sani. Wanda ya yi aikin ne dai ban sani ba."

"Har direba?" Mama ta dafe ƙirji ta zauna. "Wato ni kaɗai da yarinyar nan muke ta gadin ɗakin da babu ƙofa!"

Falo ya kaure da dariya. Dogo ya matso ya durƙusa kusa da Auta, ya rage murya. "Sori. Na yi miki fushi a kan abin da ya kamata in gode miki."

"Sai ka biya tara," ta ce tana share ido. "Ka zo a wanke maka haƙora. Na daɗe ina son faɗa maka."

Ba a ja lokaci ba aka yi auren, kuma Mama ce ta fi kowa rawar kai. Duk wanda ta gabatar wa surukarta sai ta ce, "Ga 'yata, ƙwararriya ce, ni shaida ce," ta kuma washe baki a ga hujja.

'Yan uwana matasa, kar wanda ya raina hanyar da Allah ya buɗe masa don ba ita ya nema ba. Kuma duk wanda aikinsa ya kai shi ga sirrin mutane, to ya riƙe da kyau ko da riƙon zai sa shi kuka. Auta ta yi haƙuri, ta kame bakinta, sai ga shi ta sami miji, ta kuma sami uwa ta biyu wadda ba ta yarda kowa ya taɓa ta.