Inda Malam Jumare Ya Tsaya

Ranar Asabar ɗin da na je ɗauko littafin Malam Jumare, ƙarfe huɗu na yamma har magariba ta kawo jiki, kamar yadda take yi a Birmingham cikin sanyi. Daga Manchester na taso, inda nake digiri na uku a kan manɗiƙi, ilimin da malaman dauri suke auna hujja da shi.

Shekara tara Malam yana koyar da shi duk Asabar, a saman wani ɗan ɗakin karatu na unguwa a Small Heath. Hukumar gari, wato council, ta yanke wa wurin kuɗi, za a rufe. Malam kuwa sati uku ke nan da rasuwa, ya bar wasiyya a ba ni littafin da ya kwafa da hannunsa. Ni da na yi wata bakwai ban leƙa shi ba, kullum ina cewa sai Asabar mai zuwa. Kunyar wannan na riƙo tun daga jirgin ƙasa.

Monica, 'yar Kafanchan mai sharar wurin, ita ta buɗe mini.

"Falalu, sannu da hanya. Yi sauri please, five o'clock zan kulle. Monday council za su kwashe komai, shara ne."

"Ba za ki raka ni ba?"

Ta dubi matakalar. "Ranar Asabar ba na hawa."

Na hau ni kaɗai. Warin jiƙaƙƙen kafet ya tare ni, a ƙarƙashinsa ƙamshin turaren Malam. An riga an cire ƙwan fitila. Kujeru shida a jere, littafin yana kan tebur a buɗe.

Da na san ciwon kaina, da na naɗe shi na sauka. Amma mu da muka tashi a zaure ba ma ɗaga littafin malami sai mun yi bisimilla mun karanta ko layi ɗaya a bayyane. Na haska wayata na karanta. Tambaya ce tsohuwa: abin da babu shi, ana ce masa abu? In ka kira sunansa, a kan me sunan ya sauka? A nan bayanin Malam na gefen shafi ya yanke.

"Ci gaba."

Raɗa ce, daga kujera ta uku. Babu kowa a kai.

Wata kujerar ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama. Sai wata. Numfashi ya cika ɗakin.

"Sati uku muna jira. Ina Malam?"

Ashe ba wanda ya gaya musu.

"Allah ya yi masa rasuwa," na ce.

Sai kuka ya fara, siriri, ta ko'ina, kamar iska a kafar taga. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, kuma wallahi ya fi nawa.

Na kai hannu na kama littafin. Aka riƙe ɗaya gefen.

"Ni ya bar wa," na ce.

"Kai ina kake? 'Yan Adam suka watse, ya ci gaba da karanta mana. Yana tari yana karantawa. Kullum sai ya dubi ƙofa."

Sanyi ya hau yatsuna, ya kai gwiwar hannu.

"Zauna ka ƙarasa mana. Ba za ka tashi ba sai littafi ya ƙare."

Kujerar Malam ta matso ta taɓa bayan ƙafata.

Na saki littafin.

Ban san yadda na sauko ba. Monica ce ta ja ni waje ta banko ƙofa tana kiran sunan Yesu. Ma'aikatan da suka zo ran Litinin sun ce tebur kawai suka tarar, babu littafin.

Shekara biyar ke nan ginin yana rufe da katako. Na gama digirina, har ana ce mini Dakta. Yanzu ba Asabar ɗin da ba na shiga jirgi in je in tsaya a gindin tagar da magariba. Ina jin su suna karanta shafin, a hankali, har zuwa inda Malam ya tsaya. Sai su yi shiru suna jira. Na san amsar, na rubuta babi guda a kanta a kundin digirina. Har yau ban iya hawa ba.